Yada Zango Tsakanin Jirgi da Jirgi: Sa'o'in Jira na Wane Ne?

A 'yan shekarun nan yawan mutanenmu masu hawa jirgin sama ya ƙaru. Akwai waɗanda suka je Roma a Shekarar Jubili ta 2025, akwai masu ziyarar Ƙasa Mai Tsarki, akwai firistoci da sistoci da ake aikawa karatu, akwai kuma iyayen da 'ya'yansu suka kira ƙasar waje domin ganin likita ko ganin jika. Da yake tikitin da ya fi araha shi ne wanda ba ya kai mutum kai tsaye, yawancinsu sukan tashi daga Kano ko Abuja, a sauke su a Adis Ababa ko Alƙahira ko Istanbul, su zauna sa'a takwas ko goma, wani lokaci har kwana, kafin jirgi na biyu ya ɗauke su. In sun dawo muka je yi musu barka da sauka, labarin Roma da Urushalima yakan fito da daɗi, amma da an zo kan wannan zama sai fuska ta canja, a ce: "Wannan kam asara ce, an cinye mana yini guda a banza."

Kalmar nan ta asara ita muke so mu auna. Gama idan gaskiya ne sa'o'in da mutum ya yi yana jira an cire su daga lissafin ransa, to, mu mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi mun fi kowa asara, domin jira ya cinye mana rabin kwanakinmu. Muna jiran mota ta cika a tasha, muna jiran likita, muna jiran albashi, muna jiran ruwan shuka, muna jiran labarin ko hanya ta yi kyau yau. Wanda bai taɓa ganin cikin jirgin sama ba kada ya ce maganar ba tasa ba ce.

Bari mu fara da kwatanta wurin, saboda waɗanda ba su gan shi ba. Babban zaure ne mai kujeru a jere, da kantuna masu walƙiya, da allo mai nuna sunayen birane da lokacin tashi. Fitilu ba sa mutuwa, don haka dare da rana kusan ɗaya ne. Agogon da ke hannunka ma ya daina faɗa maka gaskiya, gama Adis Ababa tana gaban Nijeriya da sa'a 2. Ka fita daga ƙasarka, ba ka shiga ƙasar da kake ciki ba, domin ba ka da izinin wuce ƙofa. A tashar Ƙaura, in mota ta ƙi cika, akwai mai shayi da ya san ka, akwai ɗan kamasho da za ka yi wa ƙorafi, ko ba komai wani zai tambaye ka mutan gida. A can kuwa dubban mutane ne ke wucewa ta gabanka, ba wanda ya san sunanka, ba wanda ya san ko kai katikis ne ko shugabar Zumuntar Mata. Abu biyu ke nan suka haɗu wa matafiyi: an karɓe ikon lokacinsa daga hannunsa, an kuma ɗauke masa idon jama'ar da ta san shi.

Kakanninmu na wannan ƙasa suna da suna ga irin wannan wuri. Zango suke ce masa. Zurmi kanta tana kan tsohuwar hanyar da ta haɗa Katsina da Sakkwato, kuma Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta nan a shekarar 1853. Abin da ke gaban ayari a wancan zamani shi ne dajin Gundumi, daji marar ruwa mai hatsarin mahara, wanda ake ratsawa yini da kwana ba a sauke kaya ba. Mai niyyar shiga irin wannan daji ba ya raina zango. A nan ake cika salka, a duba ƙafar jaki da bayan raƙumi, a ɗinke mangalar da ta yage, a tambayi waɗanda suka fito daga gaba halin da hanya take ciki, a kuma jira matafiya su taru, domin mutum ɗaya ba ya shiga Gundumi. Madugun da ya ce a tsallake zango don sauri, shi ne zai binne mutane a daji. Ga fatake, zango tafiya ce da ake yi a zaune.

Jirgin sama ma da ya zo, bai raba mu da wannan al'ada ba. Jiragen farko da suka sauka a Kano, ranar 1 ga Nuwamba 1925, jiragen sojan Ingila ne guda 3 da suka taso daga Masar suna yada zango a hanya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen da ke tashi daga Turai zuwa Kwango da Afirka ta Kudu a Kano suke sauka su sha mai bayan sun ƙetare Sahara. Wato akwai lokacin da Turawa ne ke zaune a zauren Kano suna duban agogo, kamar yadda namu ke yi yau a Alƙahira. Haka kuma dattawan Ƙaura suna tuna zamanin da jirgin ƙasa ke aiki, tun da layin dogo ya iso garin a 1929 ya tsaya a nan, yadda ake kwana a tasha da buhunan gyaɗa ana sauraron kukan jirgi.

To, me ya sa abin da fatake suka ɗauka aiki ne, mu muke ganinsa asara? Muna tsammani dalilin shi ne mun saba auna ranmu da abin da hannunmu ya yi. Ranar da muka sayar, muka gina, muka rubuta, ita ce rana. Wadda aka sa mu zauna kuwa sai mu ce ta lalace. A ƙarƙashin wannan tunani akwai wani da ba mu cika furtawa ba, wato cewa lokaci namu ne, mu muka mallake shi, duk wanda ya jinkirta mu ɓarawo ne. Amma ba wanda ya taɓa ƙera minti ɗaya. Lokaci amana ce da aka danƙa mana, kuma Mai amanar bai ce zai tambaye mu game da kwanakin aiki kaɗai ba. Sa'a goman nan na Adis Ababa suna cikin adadin da aka ƙidaya mana tun kafin a haife mu, daidai da sa'ar da za mu durƙusa a kabarin Waliyyi Bitrus.

Littafi Mai Tsarki ya san nauyin jira, bai kuma ɓoye cewa mutanen kirki sukan fāɗi a cikinsa ba. Ku tuna da Sarki Saul a Gilgal. Annabi Sama'ila ya ce masa ya jira kwana 7. Ya jira, Filistiyawa suna taruwa, sojojinsa suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, annabi bai iso ba. Sai ya miƙa hadayar da ba aikinsa ba ne, yana gamawa kuwa sai ga Sama'ila. Wanda ya karanta labarin da adalci zai ji tausayin Saul, domin dalilansa ba na wasa ba ne, kuma abin da ya rage masa ɗan kaɗan ne. Ku tuna kuma da Isra'ilawa a gindin Dutsen Sina'i. Sun jure ƙishirwa, sun jure yaƙi, amma da Musa ya yi kwana 40 a kan dutse, zaman ya gagare su, suka tara 'yan kunnen zinariya Haruna ya zuba musu ɗan maraƙi. Ba a cikin gudu daga Masar suka yi gunki ba, a zango suka yi shi. Zuciyar da aka bari ba aiki takan nemi abin da za ta rusuna wa.

Ɗan maraƙin filin jirgi ba shi da wuyar ganewa. Kantunan nan ba a jera su kan hanyar matafiyi bisa kuskure ba. Masu su sun san gajiyayyen mutum mai kuɗin guzuri a aljihu yana da saurin buɗe jaka. Mun ga wanda ikkilisiya ta yi wa karo-karo don ziyara ya dawo da turaren da kuɗinsa zai biya wa yaro makaranta na shekara. Akwai mashaya a buɗe dare da rana. Akwai wayar hannu da intanet na kyauta, inda mutum zai nutse sa'a biyar yana kallon abin da ba zai kalla a gaban matarsa ba. Akwai kuma fushi, wanda shi ne ya fi kama masu ibada: a daka wa yarinyar da ke bakin ƙofa tsawa saboda jinkirin da ba ita ta jawo ba, alhali gicciye yana rataye a wuya. Duk waɗannan, abin da ke ba su ƙarfi shi ne tunanin cewa ba wanda ya san mu a nan. Amma halin da mutum ya nuna inda ba a san shi ba, shi ne halinsa. Na gida sau da yawa kunya ce.

Akwai hatsari na biyu, kishiyar na farko, shi ne mutum ya saki jiki har ya manta tafiya yake yi. Kowane ma'aikacin filin jirgi ya san fasinjan da ya jure sa'a tara, ya yi barci a ta goma, aka yi ta kiran sunansa har aka rufe ƙofa. Ubangijinmu ya ba da misalin 'yan mata goma masu jiran ango. Abin lura a ciki shi ne dukansu goma sun yi barci, masu hikima da marasa hikima, kuma ba a zarge su da barcin ba. Abin da ya raba su shi ne mai a cikin kwalba. Saboda haka matafiyi ya kwanta in ya gaji, jiki ma amana ne. Amma ya fara sanin ƙofar da zai bi, ya gyara agogonsa, ya ajiye fasfo a jikinsa, ya roƙi na kusa ya tashe shi, ya kuma riƙa komawa ga allo, gama akan canja ƙofa ba tare da an nemi shawararsa ba.

Wani lokaci zango yakan haɗiye matafiyi ɗungum. Wani mutumin Iran mai suna Mehran Karimi Nasseri ya maƙale a filin jirgin Charles de Gaulle na birnin Faris a 1988 saboda rashin takardu, ya zauna a kan benci ɗaya har 2006, shekara 18. Abin da ya fi ba da tausayi shi ne a 1999 an samar masa takardun da zai fita, ya ƙi sa hannu. Daga baya ma ya koma filin, a can ya rasu a watan Nuwamba 2022. Ba mu kawo shi don dariya ba, gama ba mu san abin da shekarun nan suka yi wa hankalinsa ba. Mun kawo shi domin akwai irinsa a cikin kowannenmu: mukan saba da bencin da muka tsana har mu ji tsoron ƙofa. Ba kowane zango da ya zama gida ne abin kuka ba. Unguwannin Zango na Kumasi da Akara, da garuruwan Hausawa na Sudan irin su Mai Wurno, fatake da mahajjata ne suka sauke kaya suka yi zuriya, Allah kuwa ya albarkace su. Amma ga rai, wanda mahaifarsa ta gaskiya tana gaba, mantawa da jirgi na biyu mutuwa ce.

Yanzu mu dubi waɗanda suka iya zaman zango. Waliyyi Bulus bai je Atina da shirin wa'azi ba. An fitar da shi daga Biriya saboda tashin hankali, aka kai shi Atina, ya zauna yana jiran Sila da Timoti su iso. Da shi mai ƙorafi ne, da ya zauna a masauki yana lissafin kwanaki. Sai ya shiga gari yana dubawa, yana karanta abin da aka rubuta a jikin bagadai, yana zance da duk wanda ya tarar a kasuwa, har aka kai shi gaban majalisar birnin. Jawabin da ya yi a can, wanda Ikkilisiya take koyo daga gare shi har yau game da yadda ake magana da mutanen wani addini cikin ladabi, ɗan zaman jira ne. Daga baya, yana fursuna a hanyar Roma, jirgin ruwansu mai mutum 276 ya farfashe a tsibirin Malta, suka yi wata 3 kafin su sami wani. Abu na farko da aka rubuta ya yi a can shi ne tara ƙirare yana sa wa wutar da jama'a ke jin ɗumi. Manzon al'ummai, jiƙe da ruwan teku, yana tsintar itace.

Amma labarin da ya fi dacewa da matafiyinmu shi ne na Waliyyiya Monika da ɗanta Agustin, mutanen Afirka kamarmu, 'yan garin Tagaste da ke cikin Aljeriya ta yau. Monika ta yi shekaru tana kuka da addu'a saboda wannan ɗa, har ta bi shi ƙetaren teku zuwa Italiya. A daren Ista na shekarar 387 Bishop Ambros ya yi masa baftisma a Milan. Suka kama hanyar gida, suka iso Ostiya, tashar jiragen ruwa ta Roma, suka sauka suna hutawa daga wahalar tafiyar ƙasa kafin su shiga teku. Agustin ya ba da labari a littafinsa na ikirari cewa wata rana su biyu suka jingina a taga mai duban lambun gidan da suka sauka, nesa da hayaniya, suka shiga zancen yadda rai madawwami zai kasance. Zancen ya yi ta hawa da su daga halitta zuwa halitta, har suka ji kamar sun taɓa gefen abin da suke magana a kai, na ƙiftawar ido. Uwa da ɗa da suka yi shekaru suna ja-in-ja, ba su taɓa samun zama irin wannan ba sai da jirgi ya sa su jira. 'Yan kwanaki bayan haka zazzaɓi ya kama Monika. Ita da ta riga ta shirya kabarinta kusa da na mijinta a gida, sai ta ce wa 'ya'yanta su binne ta ko'ina, abin da take roƙo kawai su riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji. A rana ta tara ta rasu, tana da shekara 56. Jirgin da take jira bai ɗauke ta ba.

Da Monika ta ɗauki kwanakin Ostiya a matsayin asara, da ta zubar da kwanakinta na ƙarshe, mafiya daraja kuma. Ba ta san su ne na ƙarshe ba, mu ma ba mu san namu ba. Mai zuwa Roma ya sani cewa filin jirgin Fiyumicino, inda zai sauka ya kuma jira jirgin komawa, yana bakin kogin Taiba, 'yan kilomita kaɗan daga kangon Ostiya. Ƙasusuwan Monika kuwa an kai su cikin Roma a 1430, suna cocin Waliyyi Agustin. Miji da mata da suka yi shekara ashirin ba su yi hirar sa'a ɗaya ba tare da yaro ya yi kuka ko baƙo ya yi sallama ba, ga sa'a goma an ba su kyauta. Sai su zauna kowa da wayarsa?

Game da addu'a, sau da yawa akan tambayi Fada: idan Lahadi ta same ni a hanya fa? Dokar Ikkilisiya ta 1983 ta amsa. Wanda ya halarci Misa a yammacin Asabar ya cika wajibinsa, haka ma wanda ya halarce ta bisa kowane tsarin ibada na Katolika, ko da na Habasha ne ko na Kibɗawan Masar. Idan kuwa babu hali sam saboda dalili mai nauyi, babu zunubi, amma Ikkilisiya ta gargaɗe mu mu keɓe lokaci domin Maganar Allah da addu'a, mutum shi kaɗai ko da iyalinsa. Manyan filayen jirgi da yawa suna da ɗakin addu'a, wasu har da firist. Na farko irinsa an buɗe shi a Boston ta Amurka a farkon shekarun 1950. A tambaya, ba a biyan kuɗi. In babu, rosari ba ya bukatar ɗaki. A nan maƙwabtanmu Musulmi suna ba mu kunya ta alheri: lokacin salla yana yi za ka ga mutum ya nemi alƙibla ya shimfiɗa darduma a lungu, ko a Faris ne ko a Dubai, mu kuwa sai mu riƙa ɓoye alamar gicciye kamar kayan sata. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, da ya zo Kaduna a watan Fabrairu 1982, an shirya zai gana da shugabannin Musulmi, ganawar ba ta yiwu yadda aka tsara ba. Bai mayar da takardarsa aljihu ba. A filin jirgin sama ya karanta jawabinsa na zumunci a gaban gwamnan jihar da waɗanda ke wurin kafin ya tashi.

Bayan addu'a sai maƙwabci. Wanda ya ɗaga kai daga waya zai ga tsohuwar da ba ta iya karanta allo ba, tana riƙe da takarda tana duban fuskoki ko za ta ji mai Hausa. Zai ga mai goyo da ke son shiga bayi ba mai riƙe mata yaro. Zai ga 'yan mata da ake kaiwa aikatau ƙasashen Larabawa, wasunsu ba su san sunan garin da za su ba. Lambar wayar ofishin jakadancin Nijeriya da aka rubuta wa ɗaya a takarda tana iya zama ceto wata rana. Sai dai a nan akwai wata matsala ta gaske da ba za mu tsallake ba. Idan baƙo ya ce ka riƙe masa jaka, ko ka wuce masa da ƙunshi domin kayansa sun yi nauyi, ƙauna ta ce me? Mun tuna ɗalibar nan da ta tashi daga Kano zuwa Umra a watan Disamba 2018, aka kama ta a Saudiyya saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, ta yi wata 4 a tsare kafin gaskiya ta fito. Ita ko karɓar jakar ba ta yi ba. Ina ga wanda ya karɓa da hannunsa? Amsarmu ita ce a ƙi, a ƙi kuma ba tare da jin laifi ba. Ka ba shi abincinka, ka ba shi kujerarka, ka raka shi wurin ma'aikata, in kana da hali ka taimaka masa da kuɗin nauyin kaya. Ubangiji da ya ce mu zama marasa ɓarna kamar kurciya, shi ne ya ce mu yi wayo kamar maciji, kuma iyalinka da ke jiranka a gida su ma maƙwabta ne.

Wani mai karatu zai ce: "Duk wannan wa'azin haƙuri ne, kuma da haƙuri aka daɗe ana cin talaka." Maganarsa tana da ƙarfi, ba za mu raina ta ba. Akwai jiran da Allah ya ƙaddara, kamar hazon hunturu da ke hana jirgi sauka a Kano, ko tokar dutsen nan mai aman wuta na Aisland da ta rufe sararin Turai kusan mako guda a watan Afrilu 2010. Akwai kuma jiran da mutum ya ɗora wa ɗan'uwansa saboda raini ko sakaci: a tsayar da jirgin mutum ɗari saboda babban mutum ɗaya, a bar marasa lafiya a benci tun asuba, a riƙe fanshon tsoho har ya mutu. Wanda ya sa wani jira ba dalili ya ci wani yanki na ransa, kuma zai ba da lissafi. Wannan ya shafi Fada da ke makara Misa, ya shafi shugaban kwamiti da ke sa mata zama a rana. Haƙurin Kirista bai hana shi neman hakkinsa ba. A ƙasashe da yawa, har da tamu, doka ta ɗora wa kamfanin jirgi ciyar da fasinja idan jinkiri ya yi tsawo, da ba shi masauki idan ya kai ga kwana. A tambaya da murya mai sanyi, a nace, a kuma tambaya har da tsohuwar da ba ta iya Turanci ba. Bulus da ya tsinci itace a Malta shi ne ya ƙi fita daga kurkukun Filibi a ɓoye, ya ce sai mahukuntan da suka sa aka doke shi ba shari'a sun zo da kansu.

Wannan ya kawo mu gida. Duk tsawon zaman Adis Ababa, matafiyi yana da abu ɗaya a aljihunsa: takarda mai lambar jirgi, da lambar kujera, da lokacin tashi. Jiransa yana da iyaka, an kuma rubuta ta. A ƙasar Zurmi da Shinkafi akwai dubban mutane da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu, suna zaune a makarantu da kangaye da gidajen dangi, sun fito da niyyar mako ɗaya, damina ta wuce, wata ta wuce. Akwai uwaye a asibitocin garuruwan nan biyu, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana jinyar yara masu tamowa, suna jiran ko yaro zai karɓi madara. A watan Satumba 2021, da aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a Zamfara, iyalai sun yi makonni ba su san ko nasu yana raye ba. Mu kanmu mun ɗanɗana: a watan Mayu 2022 aka sace firistoci 2 da yara 2 daga gidan Fada a Gidan Maikambo ta ƙasar Ƙafur, muka yi sama da wata ɗaya muna addu'a kafin a sako su. Waɗannan duka masu jira ne, ba wanda ya ba su tikiti, ba allon da za su duba.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwanmu da Allah ya buɗe wa hanyar tafiya su yi abu biyu. Kafin su tashi, su je wurin katikis ko shugabar Zumuntar Mata su karɓi sunayen waɗanda ke hannun 'yan bindiga da iyalan da ke gudun hijira a yankinsu, Kirista da Musulmi, su rubuta a takarda su sa cikin fasfo. A cikin sa'a goman nan, su ware ɗaya su bi sunayen da rosari, kowane ƙwaya da suna. Na biyu, kuɗin da ido ya so kashewa a kantin turare, a ƙulle shi daban, in an dawo a miƙa wa ƙungiyar Waliyyi Binsan ta ikkilisiya ko ofishin Adalci da Salama na Dayosis, a ce na masu gudun hijira ne. Wanda tafiyarsa ba ta wuce Gusau ba, shi ma yana iya karɓar takardar sunayen, gama motar Ƙaura ba ta cika da wuri.